Takalmi Na Bakwai a Layin Kati

Ni dai har gobe in ƙuguna ya motsa sai na tuna Bamanga, in na tuna shi kuwa sai na ja tsaki. Ni ne Bakari mai shayi na bakin tashar Bolari, kuma ni na tura amalanken da hannuna, saboda haka kada wani ya zo ya ce zai gyara mini labari.

Bamanga direba ne, wato in an samu wanda ya ba shi mota. Dogo ne, ga faɗin ƙirji, ga gashin baki da yake murzawa in zai yi magana. A lokacin da nake ba ku labari ya yi wata takwas bai riƙe sitiyari ba, matarsa Kadijatu ce ke riƙe da gida da sana'ar dambu. Shi aikinsa zama a bencina yana cika baki, kuma abin da ya fi tinƙaho da shi ita ce zuciyarsa.

"Ku zuciyarku ke tuƙa ku," haka yake ce mana. "Ni kuwa ni ke tuƙa tawa. In na ce ta yi gudu ta yi, in na ce ta tsaya ta tsaya. Na taɓa yin kiciɓis da kura a hanyar Dukku, ido cikin ido. Na ɗora hannu a ƙirji in ji ko ta motsa. Wallahi barci take yi."

"Kurar ko zuciyar?" in ji Joda.

Joda shi ma direba ne, ɗan siriri, daga unguwar Malam Inna yake takowa da ƙafa. Shi ba ya ɓoye tsoronsa. Ƙadangare ya faɗo daga bishiya sai ya zabura ya zubar da shayi, ya ce, "Kai, na tsorata!" a yi dariya a wuce.

To, shekarar Udoji ce, lokacin da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kuɗin mai sun shigo, ko'ina ka duba a Gombe gini ake yi. Wani kamfani da ke shimfiɗa kwalta ya nemi direban tifa guda ɗaya tak. Fomin, mai kula da ma'aikatan kamfanin, ya gwada Bamanga, ya gwada Joda, duk suka ci. Sai ya ce to wanda ya kawo masa takardar lafiya mai hatimin likita ranar Laraba kafin a tashi aiki, makulli nasa ne.

Wurin da ake samun takardar shi ne wani ƙaramin asibiti da muke ce wa Asibitin Rimi, saboda ƙaton rimin da ke ƙofarsa. Likita ɗaya ne, Dakta George, kati arba'in ake bayarwa a rana, masu nema kuwa sun fi ɗari. Da yake ba wanda zai iya tsayuwa tun asuba har ƙarfe takwas, sai mutane suka ƙirƙiro dabara. Ka zo ka cire takalminka ƙafa ɗaya ka ajiye a layi, ka koma inuwa da ɗayan a ƙafarka. Ƙarfe takwas Matiyu mai ba da kati zai fito, ya ɗaga kowane takalmi ya ce, "Ina ɗan'uwan wannan?" Sai ka ɗingiso ka nuna masa ƙafarka, ya miƙa maka kati. In ya kira sau uku ba a nuna ba, sai ya wurgar da shi gindin rimi. Ni duk safiya can nake kai butata a kan amalanke, don nan ciniki yake, saboda haka komai a idona aka yi shi.

Ranar Litinin Joda ya zo tun duku-duku, ya samu kansa na hamsin da uku. Bamanga kuwa sai ƙarfe tara ya ɓullo cikin babbar riga, da sabon takalmi sau-ciki ruwan ƙasa mai ƙarfe a goshi, yana ƙyalli.

"Ni ba na bin layi," ya ce mini. "Layi na masu faɗuwar gaba ne. Kallo ɗaya zan yi wa yaron nan ya miƙo kati."

Ya je taga ya leƙa. "Matiyu ɗan'uwana! Yaya mutanen Kaltungo?"

"Ni mutumin Tula ne," in ji Matiyu, bai ko ɗago kai ba.

"Ai duk hanya ɗaya ce. Ba ni kati ɗaya nan."

"Ya ƙare."

"Ka san da wa kake magana kuwa?"

"Na sani. Da na ɗari da ɗaya."

Ya rufe taga. Bamanga ya dawo wurina yana murza gashin baki, ya ce dama leƙen asiri ya je yi, ya riga ya gano inda lagonsu yake.

Ranar Talata ya yi sammako, abin da ban taɓa gani ba. Ya ajiye takalmin dama a na goma sha biyu. Sai ya tsaya yana kallon yadda layi ke ƙara tsawo, na ga idonsa na ƙyalli, na ce a raina yau akwai magana. Ya cire na hagu ya je ya ajiye a na talatin, ya dawo ba takalmi, yana taka ƙasa kamar wanda ya ci gari da yaƙi.

"Mene ne haka kuma?" na tambaye shi.

"Wayo ke nan, Bakari. Kati biyu zan karɓa. Ɗaya nawa, ɗaya in ba wanda na ga dama, a san Bamanga ya zo asibiti."

"Taura biyu fa ba ta taunuwa."

"A bakinka ba. Zuba mini mai kauri."

Ƙarfe takwas Matiyu ya fito. Ya zo kan na goma sha biyu ya ɗaga. "Ina ɗan'uwan wannan?"

"Ga ni," in ji Bamanga.

"Ba kai na tambaya ba. Ina ɗan'uwansa?"

"Yana cikin layi."

"Shi ma ba shi da lafiya ne?"

Wuri ya ɗauki dariya. Matiyu ya ce, "Sau ɗaya ke nan." Bamanga ya kwasa da gudu zuwa na talatin, ya sunkuya ya fizgo takalminsa. Yana ɗauke shi wata tsohuwa, Iya Yelwa, mai ciwon gwiwa da ke zuwa kusan kullum, ta sa sandarta ta turo silifas ɗinta ya cike gurbin. Kafin ya dawo Matiyu ya ƙirga na uku, takalmin dama ya tashi sama ya sauka gindin rimi. Ya juya ya koma na talatin.

"Iya, nan wurina ne."

"Da wurinka ne, ɗan nan."

"Yanzu-yanzu na ɗauke!"

"To ai ka ɗauke. Ni na ce ka ɗauke?"

"Iya, ki ji tsoron Allah."

"Shi nake ji. Kai kuwa an ce ba ka jin tsoron komai, sai ka je ka tsorata Matiyu ya ba ka."

Haka Bamanga ya tsaya tsakiyar fili, takalmi ɗaya a hannu, ɗaya a gindin rimi, ba tsuntsu ba tarko. Duk wanda ke wurin ranar ya haddace takalmin nan mai ƙarfe a goshi. Joda kuwa na arba'in da shida ya samu, ya tsinci nasa ya kama hanyar Malam Inna.

Da la'asar Bamanga ya ja ni gefe. Ya ce ya lura da wani abu: wanda aka kawo ranga-ranga ba a tambayarsa kati, kai tsaye ake wucewa da shi ciki.

"Gobe ranga-ranga za ka kai ni," ya ce. "Da na shiga gaban likita sai in miƙe in ce takarda nake so."

"Takardar me?"

"Ta lafiya mana."

"A kai ka a kwance, ka nemi takardar cewa lafiyarka ƙalau?"

"Kai matsalarka ba ka san jikina ba. A waje in ce wa zuciya yi gudu, in ce wa gumi zubo. A ciki in ce kowa ya koma wurinsa. Likita zai ga abin da bai karanta a makaranta ba."

Na ce ba da ni ba. Ya ce in ya samu tifa, duk direbobin kamfanin a bencina za su riƙa karyawa, da ƙwai da burodi. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Na amince, kuma ban yafe wa kaina ba.

Laraba ta yi, ranar ƙarshe. Maimakon in kai buta asibiti, sai ga ni a bayan rumfata ina jiran Bamanga. Ya iso yana ɗingishi, takalmi ɗaya a ƙafa, yana masifa.

"Ina na dama?"

"Na nema na rasa. Karen maƙwabta ne, na san shi. Kadijatu ma ban gan ta ba, ta tafi niƙa tun asuba ko ruwan zafi ba ta ɗora ba. Amma bar shi, hakan ya fi. Mara lafiya na gaske da takalmi ɗaya ake kawo shi."

"To ba zuciyar umarni mu tafi."

Ya rufe ido, ya ƙanƙance goshi, ya yi nishi. Na sa hannu a ƙirjinsa. Tana tafiya a hankali abinta kamar jakin da ya ƙoshi.

"Sai an ɗan tura ta, kamar mota da sanyin safiya," in ji shi.

Ya shanye kofi uku na baƙin shayi mai kauri. Ya zagaye rumfata da gudu sau goma sha biyu, da takalmi ɗaya. Ya raba albasa biyu ya cusa a hammata, wai an gaya masa tana kawo zazzaɓi. Ya shafa toka a leɓe. Daga ƙarshe ya shaƙi garin barkono don ido ya yi ja, ya yi atishawa har sai da rabi ɗaya ya faɗo muka wanke muka mayar. Sannan ya haye amalankena ya miƙe, ƙafafu a waje, na rufa masa zanen tebur.

Jama'a, Bamanga nauyi gare shi. Hanyar kuwa duk an tone ta za a sa kwalta. Duk ramin da muka faɗa sai gawar ta ɗago kai ta ce, "A hankali, kai makaho ne?" Wata mata mai tallan koko ta ji, ta yar da ludayi ta yi salati. A nan ƙuguna ya yi ƙara, ƙarar da har yau ban rabu da ita ba.

Muka shiga harabar asibiti ina ihu, "A ba da hanya! A ba da hanya, rai a hannun Allah!" Mutane suka dare. Daidai lokacin Matiyu yana tsaye a kan layi, ya ɗaga wani takalmi sama.

"Na bakwai. Ina ɗan'uwan wannan?"

Na duba. Sau-ciki ne, ruwan ƙasa, da ƙarfe a goshi yana ƙyalli.

Ashe ba kare ba ne. Kadijatu ce, baiwar Allah, ta gaji da dabarun mijinta, ta tashi tun kiran sallar farko ta ɗauki takalminsa ta je ta sa masa a layi. Ta koma gida don ta taso shi, ta tarar ya fice. Sai ta dawo ta tsaya tana rarraba ido ko zai ɓullo.

Sai Iya Yelwa ta ɗaga sanda ta nuna amalanke. "Ga ɗan'uwansa can, ya zo a mota."

Duk ido ya koma kan ƙafar hagu da ta leƙo daga ƙarƙashin zanen tebur. Na sunkuya kamar ina gyara masa rufa, na ce a kunnensa, "Naka ne. Na bakwai. Sauka ka karɓi kati, Allah ya rufa maka asiri."

Ya buɗe ido ɗaya, ya gani, ya rufe. "In miƙe a gaban mutanen nan? A ce Bamanga ƙarya yake yi? Tura!"

Sai ga Kadijatu ta keto taro. Ta ga toka a leɓe, ta ga jan ido, ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu. "Wayyo ni, maigida! Me ya same shi, Malam Bakari? Lafiya lau na bar shi yana minshari!" Ta faɗa kan amalanke tana kuka, kuka na gaske. Wallahi sai da na ji kunya ta kama ni har tafin ƙafa.

"Sau biyu," in ji Matiyu. Ya matso, ya dubi gawar. Matiyu ba mugu ba ne, doka ce kawai ta yi masa yawa. "Malam, ba sai ka tashi ba. In kana jina ɗaga ƙafar kawai, in ba matarka katin."

Ɗaga ƙafa kawai fa! Na ga takalmin ya ɗan motsa, na ga gumi ya tsattsafo masa a goshi, wannan karon ba wanda ya ba shi umarni. Na ce a raina ɗaga mana, ɗan banza, ɗaga. Girman kai ya danne ƙafar.

"Sau uku."

Takalmi ya tashi sama, ya sauka gindin rimi, daidai inda ya sauka jiya.

Muka shiga ciki. Wadda ta tarbe mu Sista Hilda ce, babbar nas, mace mai jiki da farar hula, wadda ta shekara ashirin tana ganin masu ciwo da masu ƙaryar ciwo. Aka kinkime shi aka ɗora a gado. Ta kama hannunsa ta ɗaga za ta sa abin awon zafi, sai rabin albasa ya gangaro ya faɗi ƙasa. Ta ɗaga ɗaya hannun, ɗaya rabin ya biyo baya.

"Tumatir ɗin yana ina?" ta tambaye ni.

Na sunkuyar da kai. Kadijatu ta dubi albasa, ta dubi mijinta, ta lakato tokar leɓensa da yatsa ta murza. Hawayenta suka ƙafe nan take. Ta gyara mayafi ta koma jikin bango ta harɗe hannu. Tsayuwar nan tata ta fi ihun ban tsoro.

Sista Hilda ta ɗaga murya yadda na bakin taga za su ji, don kafin nan tagogi sun cika da kawuna. "Wannan ciwo ya yi tsanani. Sai babbar allura." Ta je ta buɗe tukunyar da ake dafa kayan aiki, ta zaro wani sirinji na gilas, ta ɗaura masa allura mai tsawon yatsana. "A juya mini shi."

Gawa ta tashi zaune zumbur.

"Alhamdulillahi! Na warke, Sista. Iskar wurin nan ma magani ce."

Ya so ya ƙara magana, harshe ya manne a ganɗa, yawu ya ƙafe ƙaf. Gumi kuwa kamar an kwara masa ruwa. Cikinsa ya yi wani ƙugi mai tsawo, wanda har na bakin taga suka ji, wani ya ce, "An tayar da tifa."

Ana cikin haka Dakta George ya shigo, ɗan gajere mai tabarau, abin sauraren ƙirji a wuya. Sista ta nuna masa albasa, ta nuna masa amalanke a bakin ƙofa. Ya cire tabarau ya goge.

"Malam, me ke tafe da kai?"

"Takarda, likita."

"Wace iri?"

"Ta lafiya."

"A amalanke aka kawo ka."

"Ƙafa nake hutarwa."

Likita ya ciji leɓe. Ya ce tunda dai an riga an ɓata masa lokaci, bari ya duba. Ya kama wuyan hannun Bamanga yana kallon agogo. "Ɗari da goma. Da wannan bugun ba zan sa hannu ba."

"Likita, ai shi ke tuƙa ta!" Iya Yelwa ce daga taga. "Ce masa ya tsayar da ita!"

"Haka ne?" in ji likita.

Bamanga ya dubi tagogi, ya ga rabin Bolari. Ya haɗiyi yawun da babu. "Haka ne."

"Madalla. Sauko mini da ita tamanin, in buga maka hatimi yanzu."

Bamanga ya rufe ido, ya dafe ƙirji, ya yi gyaran murya. "Ke, sassauta."

"Ɗari da ashirin," in ji likita.

"Na ce ki sassauta!"

"Ɗari da talatin."

"Ba ta jin Hausa, gwada mata Fillanci!" wani ya yi ihu daga waje.

Bamanga ya buɗe ido a fusace. "Surutun mutanen nan ne ke ruɗa ta. Kuma Sista ta ajiye abin nan da ke hannunta."

Sista Hilda ta ajiye babbar allura. Ta ce to shi ke nan, saura abu ɗaya, ɗigon jini daga ɗan yatsa, wanda ake yi wa kowa, ko jarirai ba sa kuka. Ta ɗauko wani ɗan tsinke da bai kai ƙayar kifi ba. Bamanga ya miƙa yatsa, ya murza gashin baki da ɗaya hannun, ya juya ga tagogi.

"Ku kalla da kyau. Ni da na tsaya gaban kura..."

Cas! Ɗigon jini ya fito, ɗan mitsitsi kamar ƙwayar gero. Bamanga ya dube shi. Fuskarsa ta yi fari fat, ya yi hamma, idanu suka juye. Ya sulale daga bakin gado ya zube ƙasa rim.

Ba wanda ya motsa.

"Ya sake," in ji Iya Yelwa. "Wannan karon ma bai iya ba."

"Tashi, maigida, ka ishe mu," in ji Kadijatu daga jikin bango.

Ni kaina sai da na taɓa shi da ƙafa na ce ya isa haka. Sista Hilda ce ta ture ni. "Matsa! Wannan na gaske ne. Kama ƙafafunsa ka ɗaga sama." Haka na tsaya riƙe da ƙafafun Bamanga a kafaɗata, takalmi ɗaya na ƙyalli a saitin taga, ƙuguna na kuka. Kadijatu ta saki hannu ta rugo tana yi masa fifita da mayafi, tana zaginsa tana hawaye.

Bai jima ba ya farfaɗo. Abin da ya fara cewa shi ne, "Ni na ba ta izini."

Likita ya ja kujera ya zauna. "Malam Bamanga, kai direba ne, bari in gaya maka da yarenku. Akwai wasu jijiyoyi a jikin mutum da ke riƙe da bugun zuciya, da gumi, da yawu, da hanji. Ba sa karɓar umarni daga baki, naka ko nawa. Tsoro ya zo, su taka totur. Ya wuce, su taka birki. Wani lokaci in abin ya yi yawa sai su danne birki gaba ɗaya, jini ya sauka daga kai, mutum ya faɗi. Ba abin kunya ba ne, na ga soja ya yi haka. Da ka ce mana kana tsoro, da kwantar da kai za mu yi mu ɗiba, shi ke nan."

"To a kwantar da ni yanzu."

"Yanzu ka riga ka suma a gabana, bayan an kawo ka a kwance. Ba zan ba ka takardar hawa tifa ba sai na sake duba ka bayan mako biyu. Ka zo da kati."

"Likita, yau ne ƙarshe!"

"Na bakwai ma yau ne," in ji Sista Hilda.

Aka ce ya kwanta a gadon gefe ya huta awa biyu, aka ci gaba da ganin mutane. Muna nan zaune, ni da Kadijatu, har rana ta take. Can sai Matiyu ya leƙo ya ce, "Kati na arba'in, na ƙarshe." Wa zai shigo? Joda.

Ashe ranar na arba'in da ɗaya ya samu. Har ya sunkuya zai ɗauki takalminsa ya tafi, sai aka wurgar da na bakwai, layi ya matso da mutum ɗaya.

Ya zauna. "Sista, ni fa tsoron allura nake ji. Gabana faɗuwa yake yi."

"To kwanta. Kalli bango, ja numfashi a hankali, ka saki a hankali. Shanun babanka nawa ne?"

Joda ya fara lissafa su da sunayensu. Bai kai ta huɗu ba ta ce an gama. Likita ya kama hannunsa ya ce tamanin da huɗu. Ya jawo takarda, ya sa hannu, ya ɗaga hatimi. Tim! Na ga Bamanga ya zabura a kan gado kamar a ƙirjinsa aka buga.

Joda ya tsaya a gefensa riƙe da takarda. "Sannu, Bamanga. Allah ya sawwaƙe." Har ga Allah da zuciya ɗaya ya faɗa, shi ya sa ta fi zafi.

Da za mu tafi Bamanga ya dubi amalanke. Na ce ko da wasa. Ya tako da ƙafa, Kadijatu na gaba, ta tsaya gindin rimi ta tsinci takalmin ta kaɗe ƙasa. Ya miƙa hannu zai karɓa, ta sa a cikin mayafi. Da ƙafa ɗaya ya ratsa Bolari.

Direbobin kamfani kuwa sun zo bencina, Joda ne ya kawo su. Ba a yi mako ba Bamanga ya dawo, har yanzu takalmi ɗaya a ƙafa, ya zauna a tsakiyarsu, ya murza gashin baki.

"Ku ba ku gane ba ne. Tausayin Joda na ji, yaro ne mai iyali. Na ce wa zuciya, tsaya cak na minti ɗaya a ba shi aikin. Ku nuna mini wanda zai iya haka a duk Gombe."

Sai ga Kadijatu ta zo kawo dambun da nake sara a wurinta. Ta sauke ƙwarya, ta gaishe da mutane ɗaya bayan ɗaya cikin ladabi. Sannan ta sa hannu a mayafi ta zaro takalmin, ta ɗaga shi sama yadda Matiyu ke yi.

"Ina ɗan'uwan wannan?"

Gumi ya keto wa Bamanga.

"Sau ɗaya," in ji ta. "Gobe da asuba zan sa shi a layin masu neman aikin tuƙi a gidan auduga. Sau biyu."

Wallahi ba ta kai uku ba. A gaban direbobi tara, Bamanga ya ɗaga ƙafa.